Kwalin Harsashin Orval

Shafi na 19

Idan gaskiyar abu tana kulle a cikinsa, kuma ba za ta fito ba sai an lalata abin, wanne ya kamata mutum ya ajiye, abin ko gaskiyar? Tun ranar Juma'ar nan nake juya tambayar a raina, har yau ban sami amsar da zan kwanta da ita ba.

Kun dame ni a ƙarƙashin shafin da ya wuce cewa in bar kewaye-kewaye in faɗi abin da ya faru a zauren 'yan kwana-kwana. To ga shi.

Ranar jera kaya ce, washegari Asabar za a buɗe baje kolin ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin tallan bindiga. Kowa na kan teburinsa da tsumma a hannu. Kalandu na rataye, gwangwanayen alburushi na jere, matan 'yan kwana-kwana suna can baya suna dafa miyar kaza da masara.

Teburina na jikin na Darlene Binkley. Ni mai sa wa hotuna firam ne, rabin kalandun da ke zauren ni na rufe su da gilashi. Mahaifinta Orval ya rasu a farkon shekarar nan. Shekara arba'in, duk wanda ya tsinci tsohuwar kalanda ko allon talla a yankinmu, wurin Orval yake kaiwa. In ya ce na gaske ne, magana ta ƙare. Shi ya sa ƙungiya ta yanke cewa daga bana kyautar shekara za ta ɗauki sunansa.

A tsakiyar teburinta, ƙarƙashin murfin gilashi, Darlene ta ajiye kwalin harsashin mahaifinta. Harsasan harbin tsuntsu ne na Kamfanin Tillman, wanda ya rufe tun kafin yaƙin duniya na farko. A saman murfin akwai hoton kare mai launin ja da fari ya ɗaga ƙafa ɗaya, makwarwa uku sun tashi daga ciyawa. Takardar hoton ta naɗe murfin da gindin, ba tsaga ba yanka. Irin kwalin nan 'yan kaɗan aka sani, duk a buɗe, duk wayam. Na Orval kaɗai ne a liƙe yadda ya bar kamfani. A wurinmu kwalin da aka buɗe gawa ce mai kyan gani. Wanda ba a buɗe ba shi ne mai rai.

Ina goge gilashi na ji zauren ya rage surutu.

Wendell ne ya shigo, ƙanen Orval. Bai taɓa taka baje kolinmu ba, amma ba wanda bai san shi ba. Hannunsa na dama babban yatsa da manuni kaɗai suka rage. Labarin da kowa ya tashi da shi shi ne, yana ɗan shekara sha bakwai ya ɗura harsashi da hannunsa, ya cika alburushi fiye da kima, bindigar kakansu ta fashe masa. Har gobe in wani ya yi ganganci wajen ɗura harsashi, cewa ake "ka yi na Wendell."

Bai cire hula ba. Ya zo ya tsaya gaban Darlene, ya ɗora yatsun nan biyu a kan murfin gilashin.

"Baffa," in ji ta, "ba a taɓa kayan teburin mutum sai an tambaya."

"Gilashi na taɓa. Ko shi ma ubanki ne ya ce na gaske ne?"

"In miya ka zo sha, tana can baya."

"Na ci a gida. Na ji an ce gobe za a naɗa waliyyi, na ce bari in zo in ga kabarin."

Ta ninke tsumman hannunta ta ajiye. Darlene malamar asibiti ce, ta saba da tsofaffi masu baki. Ba ta ɗaga murya.

"Ba ka zo jana'izarsa ba. Yau kuma ka sami hanya."

"Jana'iza ba ƙarya ake binnewa ba, mutum ake binnewa. Ƙaryar ga ta nan kin goge mata gilashi." Ya buga murfin da farce. "Buɗe shi."

Wani a bayana ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye ta.

"Ba za a buɗe ba," in ji Darlene.

"Don me?"

"Don ya ce kada a buɗe. Don ba nawa ba ne in kashe shi. Don kuma kai ne ka tambaya."

"Dalili har uku. Ubanki ɗaya yake bayarwa, ya fi ki iya wannan sana'ar."

Mista Gebhart, shugaban ƙungiya, ya taso daga bakin ƙofa da kofin kofi a hannu. Mutum ne da ya tsani hayaniya fiye da yadda ya tsani ƙarya, kuma wannan ba yabo ba ne.

"Wendell, barka da zuwa. Amma yau ranar 'yan ƙungiya ce, gobe ake buɗe wa kowa."

"Gobe ka riga ka buga sunansa a jikin allon tagullar kyautar. Yau nake da magana."

"Maganar kwalin nan an gama ta tuntuni. An kai shi wurin likitan dabbobi, an ɗauki hotonsa da na'urar duba ƙashin doki. Ina wurin. Harsashi ashirin da biyar cif."

"Na'urar ta ga inuwa ashirin da biyar," in ji Wendell. "Ta ga launin takardarsu? Ta karanta tambarin da ke gindinsu?"

Gebhart ya kalli kofinsa.

"To bari in gaya muku abin da na'urar doki ba ta gani ba."

"Baffa, mun sha jin wannan."

"Ke kin ji daga bakinsa. Waɗannan ba su taɓa ji daga nawa ba." Ya juya ya fuskanci zauren. "Ni da Orval muka tsinci kwalin nan, a saman rufin kantin kayan ƙarfe na tsoho Ulrich, lokacin da aka ba mu aikin share wurin. Ya girme ni da shekara huɗu. Tun a lokacin hoto yake so, ba harbi ba. Ya ce kare ne da bai taɓa ganin irinsa ba. Ni kuma na ce ko harsashin da ya yi shekara saba'in zai tashi? Ya ce mu gwada. Amma ba zai yaga hoton ba. Ya jira uwarmu ta tafi coci, ya ɗora butarta a wuta, ya ɗaga takardar da tururi. A hankali, kamar mai ɓare ƙwai."

Ba wanda ke goge komai yanzu.

"Bindigar kakanmu kun san irinta. Bututun da aka murɗa ƙarfensa kamar igiya. Baƙin alburushi mai hayaƙi kaɗai take ɗauka, in ka sa mata marar hayaƙi ka sa mata ajali. Gefen kwalin da ake rubuta irin alburushin, danshi ya cinye shi. Ku duba, har yanzu a cinye yake. Na tambayi Orval wane iri ne. Ya kalli hoton karen ya ce, zanen da ya tsufa haka ba zai zama na marar hayaƙi ba, shi ya san zanen zamani ya san na da. Ya zaro ɗaya ya miƙo mini." Ya ɗaga hannun. "Wannan shi ne karo na farko da Orval Binkley ya duba abu ya ce na gaske ne."

"Ƙarya kake," in ji Darlene.

"Ina asibiti, ubanmu ya tambaye shi. Kin san kakanki? Ba ki san shi ba, kin yi sa'a. Orval ya ce ai ni na ɗura nawa a ɓoye. Na farfaɗo na ce daga kwalin ne. Sai Orval ya hau sama ya sauko da kwalin ya ajiye a kan teburin cin abinci. A liƙe. Ubanmu ya girgiza shi, ya ji a cike. Ya zo har bakin gadona ya ce yatsu uku na rasa, amma da harshen ne ya tafi da ya fi masa sauƙi."

"To me ya cika gurbin, iska?"

"Harsashin ubanmu ɗaya ya sata daga aljihun rigar farauta. Kore. Na Tillman ja ne. In kin buɗe za ki ga ja ashirin da huɗu da kore ɗaya."

Darlene ta juyo wurina. Abin da nake gudu ke nan tun da ya shigo.

"Lyman, kai ka duba kwalin nan da gilashin ƙara girma ba sau ɗaya ba. Gaya musu."

"Na duba," na ce. "Ban taɓa ganin alamar an ɗaga shi ba."

"Ka ji, Baffa?"

"Na ji. Mai firam, wa ya koya maka ɗaga takarda da tururi?"

Da na iya yin shiru. Na yi tunanin hakan. Amma shiru a wurin nan amsa ce, kuma mummuna.

"Orval," na ce.

"Hannunsa fa? Yana barin tabo?"

"Ban taɓa ganin hannu mai tsabta kamar nasa ba."

Kallon da Darlene ta yi mini, zan daɗe ban manta da shi ba. Mahaifinta ne ya ɗauke ni ina gyaran tagogi ya nuna mini cewa takarda ma tana da jijiya. Amma abin da aka tambaye ni shi na faɗa, kuma duka amsoshin biyu gaskiya ne. Abin da ya dame ni ke nan. Gaskiya biyu, kowace ta tsaya wa mutum daban.

"Shekara kusan hamsin," in ji Darlene, ta koma kan baffanta. "Yana raye, gidansa na nan bayan coci. Sai da ƙasa ta rufe masa baki ka tuna kana da labari."

"Na faɗa yana raye. Aka ce ciwo ne ke magana. Na sake faɗa, aka ce hassada ce. Uwarmu ta riƙe ƙafata ta ce in bari, 'ya'ya biyu gare ta, ba za ta iya rasa ɗaya a gaban ubansu ba. Na bari don ita. Da ta rasu, na bari don ina jira."

"Jiran me?"

"Ya faɗa da bakinsa." Ya gyara tsayuwa. "Kin san ya aika mini daga asibiti?"

Darlene ta ɗago ta kalle shi.

"Ba ki sani ba. Kina wurin aiki ranar. Na je. Na sa rigar coci na je, kamar wawa. Ya kama hannun nan, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Na ce a raina, yau ne. Sai ya ce, 'Ka kula da Darlene.' Ke nan. Ya juya ga bango."

"Haka kake kula da ni?"

"Kin san me nake yi kafin ranar da bindigar ta fashe? Zane. Karnuka, agwagin ruwa, barewa a bakin rafi. Kalandun nan da kuke rataye kuna yi musu sujada, ina kwafe su da fensir tun ina firamare, malaminmu ba ya iya bambancewa. Makarantar zane ta Filadelfiya ta ɗauke ni. Da lokacin kaka ya zo zan tafi." Ya kalli bangon da ke cike da firam. "Shi ya ƙare da hotunan wasu. Ni na ƙare da tuƙa motar madara. Kuma sunana ne ya zama abin da ake ce wa wawa."

"Wannan ba laifin kwali ba ne."

"Ban ce ki ƙona shi ba. Na ce ki buɗe."

"In na buɗe ya mutu. Ka sani sarai. Ko da duka ja ne, ka kashe shi, ka koma gida kana dariya."

"In duka ja ne, zan hau kujerar can gobe a gaban kowa in ce ni maƙaryaci ne, in miƙa kyautar da hannun nan. In kuwa akwai kore, zan ɗaga shi sama har na bakin ƙofa ya gani."

"Ba zan buɗe ba. Ko yau, ko gobe, ko bayan ranka."

Na ɗauka a nan za a tsaya. Wendell ma kamar ya ɗauka haka, don ya janye yatsunsa daga gilashin.

Sai na lura da Royce Eberly, tebur uku daga nawa. Yana da kalandar da ya fi so a duniya, mafarauci da beyar a kan dutse, wadda Orval ya ce masa ƙarfen bakinta na asali ne. Royce ya sauke ta daga ƙusa. Ya juya bayanta yana duba ƙarfen, yana kankara da farce. Na kusa da shi ya ɗauki gwangwaninsa ya kai kusa da fitila.

Darlene ma ta gani.

Gebhart ya yi gyaran murya. "Darlene, ba wanda ke shakkar mahaifinki."

"To me Royce ke nema a bayan kalandarsa, kuɗin cizo?"

Royce ya mayar da ita da sauri, a karkace.

"Abin da nake cewa," in ji Gebhart, "tunda magana ta taso cikin iyali, wataƙila mu ɗan ɗage sa sunan. Bana a ba da kyautar haka nan. Baɗi, in ƙura ta kwanta..."

"Ta kwanta a kan wa?"

"Ba hukunci ba ne."

"Ka ci abinci a gidanmu sau nawa, Shugaba? Allon tallan da ka sayar ka yi wa gidanka rufi, wa ya ce na gaske ne?"

"Shi ya sa nake so a yi a hankali."

"A hankali." Ta gyaɗa kai. "Kamar mai ɓare ƙwai."

Ta tsaya tana kallon karen da ke kan murfin. Na san tun tana ƙarama ba a barinta ta taɓa shi. Ta taɓa gaya mini cewa ita da 'yar'uwarta sun raɗa wa karen suna, suna gaishe shi ta gilashi kafin su tafi makaranta. Idan ba ta buɗe ba, kwalin zai rayu, sunan mahaifinta kuma ya riƙa ruɓewa a hankali a bayan kowace kalanda a zauren nan. Idan ta buɗe, ko ta wanke shi ko ta binne shi da hannunta. Na neme ta a raina da wata hanya ta uku, ban samu ba.

Ta ɗaga murfin gilashin ta ajiye gefe.

"Lyman, ba ni wuƙarka."

"Darlene, dakata. In dole ne, akwai buta a kicin. Zan ɗaga miki takardar da tururi, a duba, a mayar. Hoton ba zai ji ciwo ba."

"A mayar," in ji ta. "Don baɗi wani ya zo ya ce mai firam ya sauya harsashi? A'a. Tururi ya isa haka a gidanmu. Yanka zan yi, yadda ba wanda zai sake liƙe shi har abada."

"Ki yi tunani," in ji Gebhart. "Shi kaɗai ya rage a duniya."

"Uba ma ɗaya gare ni."

Na zaro siririyar wuƙar da nake yanka kwalin firam da ita. Hannuna bai so ba, amma na miƙa mata ta ƙota.

Ta sa bakin wuƙar a inda murfi ya haɗu da gindi, daidai ƙarƙashin ƙafar karen. Ƙarar ba ta fi ta yaga ambulan ba, amma na ji wani a bayana ya ja numfashi kamar shi aka yanka. Ta bi gefe huɗun duka, ba ta yi sauri ba, ba ta tsaya ba. Ta cire murfin. Ba ta leƙa ciki ba. Ta kife kwalin a kan koren mayafin teburin.

Harsasan suka watse. Ja, ja, ja, takardarsu ta koɗe kamar busasshen barkono, tagullar gindinsu ta yi duhu. Ɗaya ya gangara ta bayan gwangwanayen, ya faɗi ƙasa ta ɓangaren Wendell kafin kowa ya gan shi da kyau. Na ji ƙararsa a kan siminti, ya tsaya a jikin takalminsa.

Darlene ta jera na kan teburin biyar-biyar da yatsa. Layi huɗu, da guda huɗu.

"Ashirin da huɗu. Duka ja." Muryarta ba ta yi rawa ba. "Saura na ƙafarka, Baffa."

Wendell ya sunkuya da ƙyar, kamar kowane tsoho. Ya daɗe a ƙasan fiye da yadda ɗaukar harsashi ke buƙata. Da ya miƙe, bai ɗaga shi sama ba. Ya manna hannun a jikin cinyarsa, ya kalli 'yar wansa, ya kalli kwalin da ke kife da yankakken baki.

"Ja ne," in ji shi. "Ku ba da kyautarku."

Ya juya zai tafi.

Amma da hannun dama ya ɗauka, don shi ya saba miƙawa. Yatsu biyu ba sa ɓoye harsashi. Daga inda nake tsaye ina ganin rabinsa a fili, kore shar, ta gurbin da yatsu uku suka bari. Gebhart ya gani. Royce ya gani.

Darlene ta zagayo teburin, wuƙata har yanzu a hannunta, ta tsaya tsakaninsa da ƙofa.

"Baffa," in ji ta. "Ka ce za ka ɗaga shi har na bakin ƙofa ya gani. Ɗaga."